Laftof Ta Ƙi Caji: Ire-iren Masu Jinya a Birnin Shehu

Tsakanin bango da batirin laftof tasha huɗu ake fara dubawa: soket, caja, ramin da ake soka cajar, sai batirin kansa. Sai huɗun nan sun fita daga zargi sannan a kwance ciki a duba fanel. Duk yaron shagon da ya yi wata shida a layin masu waya da kwamfuta na titin Emir Yahaya ya san wannan jeri, ya kuma san daga mai arha ake farawa. Shi kuwa mai laftof da labari yake zuwa, kuma tun daga gida ya riga ya yanke wa mai laifi hukunci. Wanda ya samu gefen benci a shagon mai gyara a Sakkwato, musamman daga Maris zuwa Mayu, zai sha kallo.

Wanda na fi girmamawa a cikinsu shi ne Mai Ɗauri. Laftof ɗinsa tana caji, amma sai an lallashe ta. Ya gano cewa in aka karkata bakin cajar wajen gabas, aka ɗaga igiyar kamu ɗaya, aka tokare da littafin lissafi, aka ɗaure da roba, 'yar fitilar nan za ta kama. Daga nan dokar ta-ɓaci ta hau gidan. Ba mai tari, ba mai jan tabarma, yaron da ya gifta ya sha ranƙwashi. Ciwon kuwa ƙarami ne: ko ramin caji ya yi sako-sako, ko dalmar da ta riƙe shi ta tsage, ko waya ta karye a cikin roba daidai wuyan caja, inda yake naɗe ta kullum. A laftof da yawa ramin a jikin 'yar guntuwar waya yake, a cire a sa wani, aikin da ba zai kai daga Azahar zuwa La'asar ba. Amma Mai Ɗauri sai ya shekara yana lanƙwasa, kowace lanƙwasa tana ƙara buɗa ramin, tartsatsi na cin ƙarfe a hankali. Ranar da ya iso shago ma ba ya sakin kayan sai ya nuna fasaharsa. "Tsaya, injiniya, ba haka a ka yi mata ba. Kawo in gwada ma."

Sai Mai Tsine wa NEPA. Tun 2005 aka sauya sunan hukumar, a 2013 aka sayar da kamfanonin rarraba wuta, shi dai har gobe NEPA ce ta kashe masa kwamfuta. Ya biya kabu-kabu tun daga Mabera, mai gyara ya jona, fitila ta kama nan take. Ekstenshan ɗin gida ne ya ƙone, ko fiyus ɗin filogi mai ƙafa uku. A ba shi rabin gaskiyarsa: wutar da ta dawo da ƙarfi da ƙaramin janareta mai tari suna kashe caja. Amma ƙarancin wuta bai cika hana ta aiki ba, a jikinta an rubuta tana karɓar daga bolt 100 zuwa 240. Bai taɓa juya ta ya karanta ba.

A ɗakunan kwanan ɗalibai na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ake kiwon Mai Aro. Tasa cajar ta ɓace tun yana aji ɗaya, aƙidarsa kuma ɗaya ce: in dai baki ya shiga rami, magana ta ƙare. Ga inda take yanke masa. Bakin cajar HP da na Dell sau da yawa girmansu ɗaya, duka kuma bolt 19.5 suke bayarwa. Amma a tsakiyar bakin akwai wata siririyar allura, ta nan laftof ɗin Dell ke tambayar caja, "Ke 'yar gidan wa ce, nawa ne ƙarfinki?" In amsa ba ta gamsar ba, ko allurar ta karye, za ta karɓi wutar da za ta yi aiki, ta rage gudu, batir kuwa ko ɗigo. Haka in aka kawo caja mai wat 45 wa injin da ke son 90: ana jone, kaso yana sauka. Mai Aro na zamani kuma cajar waya yake soka wa laftof mai ramin USB-C, ya kwana yana jira, alhali ƙaramar cajar waya bolt 5 take bayarwa, laftof na neman wajen 20. Da safe ya ce mai cajar ne ya ba shi da baƙin ciki.

Ƙanensa Mai Arha ya saya, ba aro ya yi ba. An ce masa orijinal ce, kwalin ma ya rantse. Ka ɗaga ta ka ji ba nauyi, ka jona ta kibiyar allo ta kama rawa ita kaɗai, bayan mako uku ɗaki ya ɗauki ƙaurin roba. Zai koma ya sayi irinta. Na san masu caja huɗu a aljihun tebur, kuɗinsu ya isa ta ƙwarai da canji.

Akwai wanda nake tausaya wa, Mai Zargin Hannu. Tasa ba ta caji da rana, sai dare ya raba. Ya lura da kyau, ya gwada kwana da kwanaki, ya kai ga cewa wannan ba ciwon asibiti ba ne, akwai hannun maƙiya, wataƙila abokin aikin nan da ya yaba ta ranar da aka sayo. Hannun da ke ciki na watan Afrilu ne. Batirin lithiyam yana da ɗan ma'aunin zafi a jikinsa, in ya kai wajen digiri 45 sai na'urar ta tsayar da caji don kada ya lalace ko ya kama da wuta. To a garin da inuwa kanta kan wuce digiri 40, mutum ya ɗora laftof a kan katifa, ƙarƙashin rufin kwano, ƙofofin iskarta sun toshe da ƙurar hunturun bara da ta bana, fanka na nishi. Me ya rage? A hure ƙurar, a ɗora ta a kan tebur, a bar ta ta huce. Ka gaya masa haka ya gyaɗa kai, ya ce, "Awo, amma dai a yi ta addu'a." Wannan kam ba mai musu.

Almajirin YouTube ba ya zuwa sai ya gama nasa. Cikin abin da ya yi akwai na kirki: ya cire caja da batir, ya danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30, ya goge direban batir a Windows ya sake kunnawa don ya dawo sabo. Waɗannan kyauta ne, wani lokaci kuma suna warkarwa. Da ba su yi ba sai ya zarce. Ya sa batir a firiza, dabarar da ta rage tun zamanin batiran nikel, wadda ba abin da take ƙara wa lithiyam sai raɓa. Ya binne laftof a buhun shinkafa, ko da yake ba ruwa ta faɗa ba. Ya kwance bayanta da wuƙar kicin. Yanzu ga shi da leda, noti bakwai a ciki, yana gaya wa mai gyara sunan ciwon da Turanci.

Wanda ya fi cika benci shi ne Malam Jiya-Lahiya-Lau. "Wallahi jiya lahiya lau take, ban yi mata komi ba." A buɗe a tarar da busasshen shayi, ko a ga wurin shafa yatsa ya turo sama, gindin ya ƙi zama daidai a tebur. Batir ne ya kumbura, kuma ba jiya ya fara ba. Irin wannan ba a danna shi, ba a huda shi, ba a kwana da shi a jone. Cirewa ake yi. Laftof ɗin 'yar Beljiyam ce, ta gama bautar wani ofis a Turai kafin ta biyo ta Ikeja ko Kano ta iso nan, batirin lithiyam kuwa bayan cikawa da ƙarewa sau 300 zuwa 500 yakan fara ja da baya, zafi na ƙara masa tsufa. Mai gyara mai kirki ba ya gardama. Yakan rubuta powercfg /batteryreport, Windows ta fito da takarda: ga abin da batirin ke ɗauka yana sabo, ga abin da ya rage masa yau. Malam ya duba ya ga saura rubu'i, ya yi shiru, ya ce, "To ai wanda yas sai min yac ce awa shida takai."

Hajiyar ofis kuma tata lafiyarta ƙalau, abin da ya ɓata mata rai ke nan. Kullum a kaso 60 take tsayawa. Wani saiti ne da Lenovo da ASUS da wasunsu ke sakawa don batirin da ke yini a jone ya daɗe, ɗanta ne ya kunna shi. Mai gyara ya kashe cikin minti ɗaya, ya ce ba sai ta biya ba. Ta fita tana cewa yaron nan bai san aiki ba, ko sukundireba bai ɗauka ba.

Kada masu gyara su yi dariya da yawa, su ma da nasu. Akwai Injiniya IC-Na. Tun laftof na cikin jaka ya gano ciwon: "Alhaji, wanga IC na." Gaskiya ne ɗan guntun da ke sarrafa caji a fanel yana ƙonewa, amma shi ne tasha ta ƙarshe, shi ya fi tsada, shi ya sa ya fi daɗin faɗi. Na ƙwarai mita yake fara ɗauka ya auna caja, ya gwada wata cajar, ya girgiza rami, sannan ya yi maganar kuɗi. In ka ga ba mita a tebur sai man goge allo, ɗauki jakarka.

Duk waɗannan da sauƙi a kan Ɗan Aike. Alhaji yana Gawon Nama, ya turo yaro da laftof a cikin zanen atamfa, ba caja, ba lambar sirri, ba bayani.

"Mi as same ta?"

"Alhaji yac ce a gyara."

"Ina cajar?"

"Tana gida. Yac ce ita lahiyarta lau."

"Wa yag gwada ta?"

"Shi dai yac ce."

A kira Alhaji, yana taro. A sake kira, ya ɗauka, ya ce shi ba cajar ya aiko a gyara ba, kuma yana son kayansa kafin Magariba, gobe zai tafi Abuja. Yaro ya hau kabu-kabu ya koma. Bayan awa ɗaya ya dawo yana haki, da cajar firinta.