Kwikwiyo Ɗaya, Malamai Biyar

A unguwannin masu hali na Kaduna da Jos da Abuja, kare ya tashi daga bakin get ya shiga falo, kuma abin da ya fara kawowa shi ne fitsari. Kwikwiyo ɗan wata 2 ba ya riƙe mararsa fiye da kamar awa 2. Maganin sananne ne: a fitar da shi da zarar ya farka, da ya ci abinci, da ya gama wasa, wuri ɗaya kullum, in ya yi a yaba masa nan take. Shi kwikwiyon yana ganewa cikin 'yan watanni. Masu shi ne ba sa ganewa.

Dubi gidan su Bingo, kwikwiyo ɗaya mai malamai biyar. Na farkonsu Alhaji mai sayen suna. Ya ga karen Jamus a gidan abokinsa, ya sa aka kawo masa wanda ya fi shi tsada. A lissafinsa, kuɗin da ya biya ya haɗa har da tarbiyya. Ranar da ya taka kashi a kan kafet ɗin Turkiyya, sai ya buga wa dillali waya: "Kai, ka ce mini ɗan waje ne!" Ɗan waje ne, ranka ya daɗe, amma ko a Jamus ba a haifar su da sanin ban-ɗaki.

Na biyu mai bulala. Zai dawo daga kasuwa da magariba, ya tarar da ɓarnar da aka yi tun hantsi, ya damƙo wuyan kwikwiyo ya dangwara masa hanci a ciki, ya zabga masa dorina. Kare kuwa ba ya haɗa duka da laifin da ya wuce awa 7. Darasin da ya ɗauka shi ne mutumin nan ba lafiya ba ne, don haka gobe sai ya lallaɓa bayan kujera ya yi abinsa inda ba a gani. Sai wari ya tona asiri ranar da surukai suka zo gaisuwa.

Na uku ɗan bokon gida, wanda ya kwana a YouTube. Ya san Pavlov, masanin nan ɗan Rasha da ya sa karnuka dalalar da yawu tun kafin su ga abinci, ya kuma zana jadawali ya manna a jikin firij. Shi yana ba kare umarni da Turanci, kuku yana yi masa da harshen garinsu, yara suna yi masa ihu da Hausa. Jadawalin ya ce a fitar da Bingo ƙarfe 6 na safe, mai jadawalin kuwa ba ya tashi sai 10.

Ta huɗu Hajiya, wadda tun farko ta ce ba da yawunta ba. Ta ji malamai sun ce ƙwaryar da kare ya sha a ciki ana wanke ta sau 7, sai ta faɗaɗa hukuncin ya haɗa da labule, da takalmi, da ɗan autan da ya shafa kansa. Kullum tana tafe da bokiti da Izal. Ga hancinta tabon ya fita, ga hancin kare yana nan daram, shi ya sa yake komawa daidai wurin. Da maigida ya shigo za ta tare shi: "Alhaji, zaɓi ɗaya, ko ni ko wannan abin."

Na biyar shi ne Baba maigadi, tsohon mafarauci, wanda ba wanda ya tambaye shi. Bai san Pavlov ba, amma ya san in ka ga kare yana shinshinar takalmi ɗauka zai yi. Da ya hango kwikwiyo ya kafa hanci a ƙasa yana zagaye, sai ya sungume shi zuwa gindin darbejiya, ya tsaya har ya gama, ya ciro ɗan ƙanzo daga aljihu ya miƙa masa. Shi ne ya tuna wa gidan cewa kare ya cika wata 3, a kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa rigakafin haukan kare, irin allurar da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom ke haɗawa.

Bayan wata 4 Bingo ya daina ɓata falo, yana zuwa bakin ƙofa ya yi kuka a buɗe masa. Alhaji ya ce ai jinin ne mai kyau. Mai bulala ya ce dama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗan boko ya ɗauki hoton jadawalinsa ya sa a Facebook. Hajiya ta ce addu'arta ce ta ci. Baba maigadi ya nemi ƙarin albashi, aka ce ya yi haƙuri, abincin kare ya yi tsada.