Dodo a Buhun Fulawa

Maamobi, Accra, Ghana

Yaya Binta,

Ki gaida Goggo da yara. Ruwa ya sauka, kowa lafiya.

Mutanen ƙasar nan ba sa barin tsoro ya ɓuya. A ƙarshen shekarun 1980, lokacin da masu bidiyo ke yawo unguwa-unguwa da talabijin da janareta, masu zane suka riƙa yi musu tallan fim da fenti a kan buhun fulawa, suna ƙara abin da babu shi a fim ɗin. Ko fim na soyayya ne sai an damƙa wa ango adda. Da za a ba su Gizo da Ƙoƙi, wallahi Ƙoƙi da kai uku za ta fito, Gizo na gwaguyar na huɗun, tsamiyar ƙofar gida na tsiyayar jini, akuyar maƙwabta ma da haƙoran kura! Turawa kuwa sun kai abin cikin fim ɗin kansa: Hansel da Gretel, yaran da suka ɓata a daji, a 2013 an ba su bindigogi suna farautar mayu, a 2020 aka sake mayar da labarinsu fim ɗin ban tsoro.

Na san za ki ce ai da tsoro aka haifi tatsuniya. Gaskiyarki, Yaya. Dodonmu yara yake haɗiyewa, kuma a labarin Hansel da Gretel na littafin 'yan'uwan Grimm na 1812 a tanderu mayyar ta ƙone. Amma Dodon tatsuniya ba shi da fuska, kowane yaro shi ke ƙera nasa daidai ƙarfin zuciyarsa. Fim kuwa Dodo ɗaya yake dafa wa kowa, ɗan yaye da gardi cokali ɗaya. Sannan mai ba da tatsuniya tana kallon idon yaro, in ta ga ya raina fata sai ta sako Gizo da tsamin bakinsa a yi dariya, ta rufe da ƙurunƙus, a kwana a jikinta. Talabijin fa, wa ya taɓa lafewa a cinyarsa?

Don Allah ki sa Goggo ta yi ta Dodo da Ta-Kitse ki turo ta WhatsApp. Da dare za ki ɗauka, har da tarinta da kukan gyare, kada ki yanke komai. Daren Maamobi akwai hayaniya, amma babu wannan muryar.

Ƙaninki,
Sani