Alƙalan Ƙafar Ɗan Baya

A Bauchi ɗan gaba zai zubar da ƙwallo uku a bakin raga, a ce ba rabo. Amma yaro ɗan shekara 19 da aka sa a lamba biyar, in fasin ɗaya ya kauce masa, to shari'arsa za ta taso daga filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa, ta ratsa Wunti, ta je ta kwana a teburin mai shayi a Jahun. Tuhumar kullum ɗaya ce: yaron nan ya iya bugu ko bai iya ba? Alƙalan suna da yawa, kuma babu wanda ya naɗa su.

Babbansu shi ne Baba Kwashe-ta. Dattijo ne mai furfura, yana zuwa fili da 'yar rediyonsa, kuma duk lissafin duniya a wurinsa daga 1998 yake farawa, shekarar da Wikki Tourists ta doke Plateau United a bugun fenariti ta ɗauki kofin ƙalubale. Aƙidarsa ba ta da rassa. Ɗan baya in ya ga ƙwallo, ya ɗaga ƙafa ya raba ta da unguwar. Da zarar ta doshi gidanmu za ka ji muryarsa ta keto rumfa: "Kwashe ta, yaro! Aika ta Dass!" In wasa ya yi zafi sai ya ƙara nisa, ya ce Yankari. Ka ce masa, "Baba, ai ya bai wa abokan hamayya jifa a banza," sai ya dube ka da tausayi ya ce, "Ɗana, tunda kake, ka taɓa ganin an ci mutum da ƙwallon da ke kan rufin rumfa?" Har gobe yana jin haushin dokar 1992 da ta hana gola kama ƙwallon da ɗan gidansu ya mayar masa da ƙafa. A cewarsa tun ranar 'yan baya suka daina barci mai daɗi.

Kujera uku daga inda Baba yake, akwai abokin gabarsa, Ɗalibin Guardiola. Daga Gwallameji yake zuwa ko daga Yelwa, waya a hannu, rigar Manchester City a jiki. Shi a wurinsa ɗan bayan da ya ɗaga ƙwallo sama ya yi abin kunya. A fara daga gola, gola ya ba lamba biyar, lamba biyar ya ba lamba shida, a yi ta saƙa har a isa gaba. Ya haddace dokar 2019 da ta ba ɗan baya damar karɓar bugun gola a cikin da'ira, yana kuma karanto ta ga duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da shi. John Stones ba ya fita daga bakinsa.

Abin da Ɗalibi bai taɓa tsayawa ya duba ba shi ne inda yaranmu suke koyon ƙwallo. Ka je filin firamare na unguwa da la'asar a watan Janairu. Ƙasa ta bushe ƙamas, ga tsakuwa, ga wata 'yar kwata da ruwan damina ya haƙa ta ratsa gaban raga, ga hanyar masu babur ta bi ta gefen kusurwa. Yara ashirin da wani abu, ƙwallo ɗaya, ita ma an yi mata faci har ta fara doro. Ka tura ta a ƙasa a hankali irin yadda Ɗalibi yake so, za ta yi tafiyar taku biyar lafiya lau, ta ci karo da dutse, ta canza ra'ayi. Yaron da ya shekara goma a irin wannan fili ya koyi darasi ɗaya da jikinsa: ƙasa ba abar amincewa ba ce. In aka ci mu saboda gajeren fasin, Ɗalibi zai gyara zama ya ce tsarin daidai ne, yaron ne bai fahimce shi ba. Baba kuwa zai kashe rediyo don kowa ya ji "Allah ya ƙara" ɗinsa da kyau.

Sai Mai Kunne. Shi bai damu da inda ƙwallo ta nufa ba, ƙararta yake saurare. Tun bugun tazarar da Roberto Carlos ya yi wa Faransa a 1997 hankalinsa bai dawo daidai ba, zamanin hagun ɗin Taye Taiwo a Marseille ya ƙarasa shi. Yaro zai tako daga baya ya narka shot, ƙwallo ta haye raga, ta haye katanga, ta sauka kusa da tiren mai sayar da masa. Fili duka na salati, shi yana tsaye yana tafi: "Amma ɗan'uwa ka ji ƙarar? Wannan da ta shiga, da golan sai asibiti!" Ba ta taɓa shiga ba.

Wanda nake jin tausayi a cikinsu shi ne Da-ba-don-gwiwa-ba. Ya buga ƙwallo a ƙuruciyarsa, da gaske, kuma shi kaɗai ne a rumfar yake kallon abin da ya kamata a kalla. Kowa idonsa na kan ƙafar da ta buga, shi nasa na kan ƙafar da aka dogara a kanta. Zai gaya maka in yaro ya dasa ta nesa da ƙwallo, ko ya kwantar da ƙirjinsa baya, dole ta tashi sama. In yana son ta tafi a miƙe, ya dasa ƙafa a gefenta, ya ranƙwafo a kanta, ya ƙage idon sawu. Zai nuna maka bambancin turawa da cikin ƙafa da narkawa da saman takalmi. Duk gaskiya ne. Matsalar ita ce ba ya iya faɗa a zaune. Sai ya miƙe ya naɗe ƙafar wando ya gwada, silifa ta tashi ta sami hular wani Alhaji a layin gaba, a shiga ban haƙuri. Kafin ƙura ta lafa ya gangara labarin ranar da gwiwarsa ta goce, ana saura kwana kaɗan wani babban kulob ya ɗauke shi. Daga nan kowa ke zamewa, darasin ya bi iska.

Kawun yaro kuma ba a gardama da shi. Ɗan 'yar'uwarsa bai taɓa kuskure ba. In fasin ya kauce, takalmin aro ne ya matse shi. In ba takalmi ba, iskar hunturu ce. In babu iska, to a binciki na benci, akwai mai son lambar da ya ɗaure masa ƙafa. Kawu ya san Zaidu Sanusi daga Jega ya tashi har ya kai Porto a 2020, don haka tuni ya fara duba filin gina gida a Fadaman Mada.

Akwai kuma wanda ya iso bayan an dawo hutun rabin lokaci, ya ƙare sauran wasan yana amsa waya. Hukuncinsa ya fi na kowa tsauri.

Na baya-bayan nan da ya shigo majalisar shi ne wani da rashin barci ya sa ya ci karo da ƙwallon Ostireliya a tauraron ɗan'adam. Ya dawo da labari: ƙwallonsu mai siffar ƙwai, mutum 18 kowane ɓangare, ana sako ta daga hannu a buga. In ka buga ta yi mita 15 ɗan'uwanka ya cafke kafin ta taɓa ƙasa, sai a ja baya a bar shi ya yi bugunsa a natse. Abin da ya fi burge shi turakun ne: guda huɗu, babu sandar sama. Ta bi tsakiya maki shida, komai tsayin da ta yi; ta ɗan kauce ma akwai maki ɗaya na ladan gabe. Shawararsa ita ce a tattara duk yaran da Mai Kunne ke yi wa tafi a kai su Melbon, can ne aka san darajarsu. Baba ya ji, ya yi shiru, sannan ya ce mutanen nan da alama suna da hankali.

Ka gwada alƙalan nan da tambaya. A 2016 Wikki ta ƙare ta uku a gasar ƙasa a hannun Abdu Maikaba. Wa ya fi cin ƙwallo? Kafin ka rufe baki sun ce Godwin Obaje, guda 18. To su wa suka tsare baya a shekarar? Nan za ka ga ana sosa ƙeya ana neman mai shayi ya ƙaro ruwan zafi. Ɗan baya sai ranar da ya yi ɓarna ake sanin sunansa.

Ni a ganina, rabin munanan bugun da ake zagin yaran nan a kai, daga rumfa aka buga su. Ƙwallo na gangarowa, ɗan gaba na tafe a guje, kunnen dama na jin "Kwashe ta!", na hagu na jin "Kwantar da ita, ba gola!" Yaro mai ladabi ne, ba ya son saɓa wa kowa. Sai ya ɗaga ƙafa zai kwashe, ya tuna da Ɗalibi ya rage ƙarfi, ƙwallo ta fi ƙarfin fasin, ta gaza kiliya, ta sauka cak a ƙirjin lamba goman abokan hamayya.

Don Allah Baba, da kai da Ɗalibi, ku haɗu a wurin mai shayi kafin wasa na gaba, ku tsayar da magana ɗaya da za ku riƙa yi wa yaron nan ihu. Kuɗin shayin na kaina.