Barka da Samun Aiki, Bazazzagi

Bazazzagi, bawana, gaisuwa irin ta ubangida zuwa ga yaronsa. Na ji shiru ba ka zo Kano ka faɗi ka yi gaisuwa ba, shi ya sa na ce bari ni in rubuto maka barka. Ashe tun watan Agustan 2023 ka sami aiki, kana ɓoye mana, kullum sai saƙon a taimaka maka da na kati!

Kada ka fara rantse-rantse. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ita ta tona maka asiri. A lissafinta na ƙarshen 2020, kashi 33.3 cikin ɗari ne ba su da aikin yi, wato mutum ɗaya cikin uku, kuma duk mun san kai ne ɗayan. Da ta fito da na farkon 2023 a watan Agustan sai ga shi ya faɗo kashi 4.1. Masaƙun Kaduna suna nan a rufe yadda ka san su. Mudun awon aka canza, kuma in ana zancen mudu sai ka yi shiru ka saurari Bakano.

A tsohon mudu, wanda bai yi aikin awa 20 a mako ba, marar aiki ne. Daga 20 zuwa 39, aikinsa bai kai ba. Sai mai awa 40 ake kira cikakken ma'aikaci. Sabon mudun kuwa, wanda aka ɗauko daga ƙa'idar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, awa ɗaya tak yake nema cikin kwana bakwai da suka wuce, muddin don lada ko riba aka yi ta. An kuma cire iyakar shekara 64, daga ɗan shekara 15 har tsoho mai sanda kowa ana auna shi.

To ka tuna ranar Alhamis ɗin da na same ka a inuwar darbejiya kusa da Ƙofar Doka, mai POS ya tafi jana'iza ya bar maka rumfarsa? Ka zauna kana shan rake, ɓawo har cinya, ka sallami mutum uku, ya dawo ya miƙa maka ɗari biyar. Da ma'aikacin ƙididdiga ya zo gidanku a wancan makon, layi ɗaya zai sa ka da manajan banki. Digirin nan da ka naɗe a leda ka cusa ƙarƙashin katifa bai shiga lissafi ba, raken ne ya fi shi kusa da aikin.

Inda abin ya fi ba ni dariya shi ne wanda ake kira marar aiki. Zama kawai ba ya isa. Sai ya kasance ba ka yi ko awa ɗayar ba, kana neman aikin da gaske, kuma in an kira ka a shirye kake. Ɗauki majalisarku ta mutum goma. Shida sun ɗan taɓa wani abu a makon, wannan ya yi dillancin waya, wancan ya ari babur ya yi acaɓa da yamma. Uku sun gaji da yawon kai takardu, sun ce sun bar wa Allah, sai dara da musun ƙwallo. Saura ɗaya da ke goge takalminsa kullum yana zaga ofisoshi neman aiki. Ukun nan da suka haƙura ba a ƙirga su a masu aiki, ba a ƙirga su a marasa aiki, an fitar da su daga kwandon gaba ɗaya. Saboda haka ɗaya ake rabawa da bakwai, ya ba da kimanin kashi 14. Ran da takalmin mutumin nan ya tsinke shi ma ya dawo kan tabarmar dara, rashin aikin yi a majalisarku ya zama sifili, ba tare da an ɗauki kowa aiki ba.

Ba zan ce hukumar ta yi ha'inci ba, don da mudun nan Amurka da Ingila suke awo. Sai dai a can wanda aiki ya kuɓuce masa yana iya samun ɗan alawus ya zauna ya nemi wani. A nan wanda ya zauna ya kwana da yunwa, shi ya sa kowa yake buga-buga, kuma rahoton hukumar da kansa ya ce fiye da kashi 90 na masu aikin irin wannan aikin suke yi, wanda ba rajista ba takardar ɗauka.

Tunda dai yanzu hukuma ta shaida kai ma'aikaci ne, maganar dubu biyar ɗin da na ranta maka da ƙaramar salla ta taso. In ba ta samu ba, ka shigo mota (mota ce, ba mota ne ba, ka gyara bakinka kafin ka iso Kwanar Dangora) ka same ni a Kantin Kwari. Akwai dila goma na atamfa da ke jiran mai ɗauka, aikin awa ɗaya ne cif, sai in cire kuɗina a ciki.