Simsar da mai neman ɗaki

A Khartum ana kiran dillali simsar, amma halinsa ɗaya da ɗan'uwansa na Kano: sai ya karɓi la'ada. Kafin yaƙin 2023, talaka ba ya ko leƙa unguwannin Amarat da Riyad, inda masu gidaje suka fi son lissafi da dala. Umbadda yake nufa, ko Mayo, inda Hausawa jikokin mahajjata ke zaune. Gwauro kuwa, ko aljihunsa ya cika, sai a ce gidan na masu iyali ne.

Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, jama'a suka kwarara Karari, arewacin Omdurman. Ɗakin ajiye gawayi ya wayi gari yana da kuɗin haya, simsar na rantsuwa cewa iska tana shiga sosai. Bai yi ƙarya ba, rabin rufin ne babu.