Kwamfuta Ta Ce Lefe Ya Cika

Tun da na fara koyon Python 'yan gidanmu suka ajiye sunana na yanka. Rediyo ta lalace, a kira Injiniya. Kati ya ƙi shiga waya, ina Injiniya? Shi ya sa da lefen Yaya ya tashi, Gwaggo ta miƙo min takardar da ta jera kayan da hannunta, ta ce, "Kai ɗan nan, tunda an ce kwamfuta ba ta mantuwa, duba mana ko duk abin da ke nan ya shiga akwati."

Na gyara zama. Wannan ai tsohuwar tambaya ce a sana'armu: shin wannan tarin ya ƙunshi duk abin da ke cikin wancan? Masu Java suna da containsAll. Mu a Python sai ka mayar da kowane jeri set, ka kira issubset, layi ɗaya an gama. Na shigar da takardar Gwaggo, kowane turmi da layinsa, atamfa har sau 12. Ƙanwata tana ɗago kayan akwati tana faɗa, ina bugawa: leshi, shadda, mayafi, takalmi, sarƙa, turare, atamfa. Na danna. Allo ya ce True. Na fassara wa Gwaggo, ta rangaɗa guɗa, aka zuge akwatuna.

Halin set shi ne ba ya riƙe abu sau biyu. Ko sau dubu ka rubuta masa atamfa, guda zai ajiye, ya watsar da saura bai ce maka uffan ba. Turmi 12 na takarda sun koma ɗaya, turmi 3 na akwati su ma sun koma ɗaya, ɗaya kuwa yana cikin ɗaya. Sauran 9 suna ƙulle a leda a but ɗin motar Yaya tun ranar da ya sayo su a Kantin Kwari, shi kuma ya kama hanyar Zariya raba katin gayyata.

A gidan amarya, kafin a buɗe ma Gwaggo ta riga ta sanar cewa atamfa dozin ce cif, "kwamfuta ce ta ƙirga." Wata tsohuwa mai tabarau ta jawo akwatin gabanta, ta lashi yatsa, ta ƙirga uku, ta zazzage shi, ta leƙa aljihun gefe. An ce har ƙarƙashin tabarma ta duba, don dai magana ta yi tsawo. Wayar da Gwaggo ta bugo min daga can, ban buƙaci kara ta a kunne ba.

Har gobe ina kan bakana: kwamfuta ba ta yi ƙarya ba. An tambaye ta akwai atamfa, ta ce akwai. Mai son adadi sai ya nemi Counter, wanda ke riƙe kowane abu da yawansa, kuma tun fitowar Python 3.10 a 2021 ana iya gwada Counter biyu kai tsaye a ga ko ɗaya ya shige cikin ɗaya. A daren na sake rubutun, na tara gida don in wanke sunana.

Ashe ƙanena ya share jerin Gwaggo garin nema wa wasan ƙwallonsa wuri, fayil ya zama wayam. Na danna. True.

Na yi bayani cikin natsuwa, cewa a lissafin tari, wanda Bajamushe Georg Cantor ya aza harsashinsa a shekarun 1870, tarin da babu komai cikinsa yana cikin kowane tari, don ba ka da abin da za ka nuna ka ce ga shi ya ɓace.

Gwaggo ta riƙe haɓa. "Wato da ban rubuta komai ba, da lefe ya cika ko da akwatin wofi ne?"

Na ce, "Ƙwarai kuwa, Gwaggo."

Yaya, wanda har yanzu yake biyan bashin leshi, ya ɗago kai a hankali. "Injiniya, me ya hana ka faɗa min wannan tun kafin in shiga Kwari?"