Tsarkakan Ranar Lahadi

Wanda ke son ganin tsarkaka da idonsa ba sai ya jira ranar tashin matattu ba. Ya zo ƙofar majami'armu ranar Lahadi, tara saura kwata. Shadda na ƙyalli, ɗaurin ɗankwali na neman tokare rufi, turare na rigan masu shi shiga, kowa da Littafi Mai Tsarki a hammata. Mutumin da daren jiya ya surfa wa maƙwabcinsa zagi a kan makwararar ruwa, yau muryarsa ta yi laushi kamar tuwon shinkafa: "Salama, ɗan'uwa, yaya iyali?" Ɗan'uwan kuwa maƙwabcin nan ne. Shi ma ya amsa da fara'a. Za a ɗora daga inda aka tsaya bayan albarka.

Littafin kansa ya ga ta kansa a hannunmu. Likita Walter Miller na Wusasa da abokan aikinsa sun shafe shekaru suna fama da fassara kafin a buga shi cikakke da Hausa a 1932, da nufin a karanta. Mu kuwa da yake masu basira ne, mun gano masa wasu ayyukan. Yana kama wa mutum wuri a benci. Yana fifita a watan Afirilu. Ana cusa shi ƙarƙashin filo saboda mugun mafarki, ana ajiye shi a gaban mota har rana ta toya bangonsa, don ɗan sandan da ke shingen hanya ya san da wa yake magana. Girmansa kuma shi ne ma'aunin ruhaniya: mai ƙaramin Sabon Alkawari na aljihu sabon tuba ne, mai babba da jakar fata da zif kuwa ya kusa zama dattijo.

Sai addu'a. Muna da wani dattijo da idan aka ce ya yi mana addu'ar abinci, mata kan mayar da tukunya kan wuta. Daga Adamu yake farawa. Ya bi ta kan Nuhu, ya ƙetare Jan Teku, yana tuna wa Allah abin da ke cikin LittafinSa har da sura da aya, kamar mai gudun kada a manta. Kafin ya iso kan tuwon, miya ta yi fata, yara biyu sun yi barci, na ukun ya riga ya ci naman. Wannan ma da sauƙi. Ta habaici ita ce mai zafi: "Ya Uba, ka taɓa zuciyar waɗansu da suka karɓi kuɗin adashi a watan Maris, ka san su, suna zaune kusa da taga." Majami'a duk ido a rufe, amma kowa ya san tagar.

A nan ne ma muka yi wa gulma baftisma, muka raɗa mata sabon suna. Yanzu ba mai gulma a cikinmu, sai dai "roƙon addu'a". 'Yar'uwa za ta jawo 'yar'uwa gefe bayan taron Zumuntar Mata, ta sassauta murya, ta ce: "Mama, ba don komai nake gaya miki ba, don mu sa ta a addu'a ne." Daga nan sai bayani dalla-dalla: wa aka gani, da wane mashin, ƙarfe nawa, wace riga. Kafin yamma masu ɗauke da nauyin addu'ar sun kai arba'in, ba kuwa wadda gwiwarta ta taɓa ƙasa. Maza kada su yi dariya. Tasu ana yin ta ne a ƙarƙashin bishiyar darbejiya, sunanta "damuwa a kan aikin Ubangiji".

Ranar godiyar kaka ita ce ranar da hannun hagu ke samun cikakken rahoton abin da na dama ya yi. Mai naira dubu yakan fito da ita sabuwa ƙal, ya ɗaga ta sama yana taka rawa a hankali, don 'yan kwaya su ƙara baiti. Mai naira hamsin yakan dunƙule hannu ya zurfafa shi cikin kwandon baiko, kamar mai kamun kifi a rami. Akwai kuma na uku, gwanin makirufo, wanda ya yi alkawarin buhun siminti hamsin aka yi ta guɗa. Majami'ar Saint Bartholomew ta Wusasa da aka gina da ƙasa a 1929 tana nan tsaye har yau. Tamu ta simintin alkawari shekararta huɗu a linta, kaji na kwana a ciki. Labarin gwauruwar nan da ta ba da 'yan tsabarta biyu kuwa muna ƙaunarsa ƙwarai, har kuka muke yi idan Fasto ya yi wa'azi a kai. Da za ta shigo ranar godiya, da ɗan agaji ya nuna mata bencin baya, domin na gaba na manyan baƙi ne.

Litinin ce ke tona asiri. Akwai wani a cikinmu mai sayar da hatsi, ba ya fashin addu'ar asuba, rumfarsa ma an rubuta mata aya da jan fenti. Mudunsa biyu. Na saye cikinsa a buɗe yake kamar zuciyar mai bishara, na sayarwa kuwa an ɗan buga masa gindi da guduma. In ka yi ƙorafi sai ya dafa ƙirji ya ce, "Haba ɗan'uwa, ni da nake ba da zakka?" Gaskiya ne, yana bayarwa. Da mudu na biyu yake aunawa.

Wata tsohuwa ce ke ɓata mana lissafi. Kaka muke ce mata. Ba ta iya karatu ba, ba ta da Littafi ko na aljihu, ankon Zumunta na bana bai samu ba sai na shekara biyar baya take ɗaurawa, kuma in wa'azi ya wuce rabin awa gyangyaɗi take yi ba kunya. An taɓa kai zancenta gaban dattawa a kan cewa ba ta da himma. Amma idan mutum ya kwanta a asibiti, kafin kwamitin ziyara ya gama zaman fitar da ranar da zai zauna, Kaka ta isa da kunu a jug, ta wanke wa majinyaci kaya. Marayu biyu take riƙo, ba danginta ba ne. Lokacin da matar maƙwabcinta Malam ta haihu cikin dare, ƙofar Kaka aka fara bugawa. Ban taɓa jin ta ba da shaida a makirufo ba. Da na tambaye ta dalili, cewa ta yi, "Ɗana, me na yi da zan faɗa?"

To, ni da nake ta zuba fa? Nawa Littafin mai zif ne. Makon jiya, ba zato, Fasto ya ce in tashi in karanta daga Obadiya. Sura ɗaya ce tak, aya 21, a maƙale tsakanin Amos da Yunusa, amma a ranar sai da na neme ta har cikin wasiƙun Bulus. Ina ta buɗe shafuka suna ƙara irin ta sabon kuɗi, gumi na tsattsafowa, majami'a ta yi tsit. Da na kusa, daidai ƙarshen Amos, inda annabin ke yi wa masu rage mudu tatas, sai wata takarda ta sulluɓe ta faɗi ƙasa. Lissafin ɗinkin shaddar da ke jikina ne, tun Kirsimetin bara waccan, an ja layi biyu ƙarƙashin ragowar kuɗin.

Wanda ke zaune a bayana ne ya sunkuya ya ɗauko. Telan ne. Ya duba, ya ninke ta da kyau, ya miƙo mini yana murmushi, ya raɗa mini cewa, "Malam, ci gaba da karatu. Na sa ka a addu'a."